KAFIN MU SAYI MANHAJAR LABURARE, A JI LABARIN KOHA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana mutanen karkara da ƙananan 'yan kasuwa a kan wata magana da ta taso mana a ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda na tabbata ba mu kaɗai ta shafa ba.

Ni dai ɗan tireda ne, kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar. Muna da ɗan ɗakin karatu guda ɗaya wanda muka gina da aikin gayya, 'yan garinmu mazauna birni suka tattaro mana littattafai, na boko da na addini da na hikaya. Duk wanda ya ari littafi, akan rubuta sunansa a wata babbar rajista. To da daminar bara rufin ya yi yoyo, tawada ta narke, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Yanzu haka akwai kantocin da suka zama wayam, ba mu san wa ya ari me ba. Duk ɗan kasuwar da littafin bashinsa ya taɓa ɓata ya san irin wannan baƙin ciki, domin ranar nan kowa sai ya ce ai ya biya.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan kwangila ya zo mana da cewa zai sa mana manhaja a kwamfuta wadda za ta riƙe lissafin littattafai da na masu aro. Ya yanka kuɗi masu kauri, ya ce kuma duk shekara akwai na sabuntawa. Saura kaɗan in sa hannu a fitar da kuɗin, sai wani ɗan wana da ya karanci aikin laburare ya yi masa tambaya biyu. Ya ce, ranar da muka daina biyanka, za ka ba mu bayanan littattafanmu mu tafi da su? In kuma kamfaninka ya rufe, wa zai gyara mana? Bawan Allah nan ya yi ta kame-kame. Daga nan ne yaron ya ba mu labarin wata manhaja mai suna Koha, ni kuma na zaunar da shi dare uku yana karanto mini tarihinta yana fassarawa. Abin da na fahimta shi nake so in isar.

Malam Edita, wani abin mamaki shi ne Koha ba a babban birni aka haife ta ba. A wata gunduma ce ta manoma mai suna Horowhenua a ƙasar Niyu Zilan, wadda babban garinta shi ne Levin. A shekarar 1999 laburarensu na fama da tsohuwar manhaja, ga kuma fargabar nan da ta cika duniya cewa kwamfutoci za su rikice ranar da aka shiga shekarar 2000. Suka nemi ta saye, suka ga waɗanda ke kasuwa sun fi ƙarfin aljihunsu, kuma ba su dace da layukan tarho marasa ƙarfi da suka haɗa rassansu ba. Sai shugabar laburaren, Rosalie Blake, ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani mai suna Katipo, wani matashi Chris Cormack ya zauna ya rubuta musu tasu cikin 'yan watanni. Farkon Janairun 2000 ta fara aiki.

A nan ne suka yi dabarar da ta burge ni. Sun duba sun ga laburaren ƙarami ne, kamfanin ma ƙarami ne, in ya durƙushe gobe sun shiga uku. Saboda haka suka saki asalin rubutun manhajar ga duniya baki ɗaya a ƙarƙashin wani lasisi da ake kira GPL, wanda ya ce kowa na iya ɗauka, ya yi amfani, ya gyara, ya ba wani, amma in ka rarraba wadda ka gyara, tilas ka bar ta a buɗe yadda ka same ta. Wato ba tsabar kirki kaɗai ya sa suka yi kyautar ba, har da neman tsira, domin in masu gyara suka yi yawa, mutuwar ɗaya ba ta kashe aikin. Sunan ma daga harshen Mawori ne, mutanen asalin ƙasar, ma'anarsa kyauta ko gudummawar da baƙo kan kawo wurin taro. Irin dai gudummawar biki a wurinmu, wadda kowa ya san ana bayarwa ne ana kuma ramawa.

Lissafinsu kuwa ya fita. Ba a daɗe ba wani Bafaranshe, Paul Poulain, ya shigo ya yi aikin da ya sa ta iya magana da harsuna daban-daban. Laburaren garin Nelsonville a jihar Ohayo ta Amurka ya zuba kuɗinsa aka ƙara mata tsarin rubuta bayanin littafi irin na manyan laburarori, kuma abin da suka biya kowa ya amfana. Yau dubban laburarori ke aiki da ita. Laburarorin gwamnati na ƙasar Turkiyya sama da dubu suna kanta, haka jihar Kerala ta Indiya ta rungume ta, haka garuruwa da dama a Finlan. Mu ma nan ba baƙuwa ba ce, jami'o'i da kwalejoji da yawa suna amfani da ita, har ma babban taron masu Koha na duniya na shekarar 2015 a Badun aka yi shi.

To amma jama'a, kada a ɗauka tafiyar ta zo da sauƙi, kuma wannan ɓangaren ne na fi so 'yan kasuwa su saurara. Wani kamfanin Amurka mai suna LibLime, wanda aka kafa a 2005 don yi wa laburarori hidimar Koha, ya sayi sashen Koha na kamfanin Katipo a 2007, da haka adireshin manhajar na intanet ya koma hannunsa. A 2009 sai ya ware tasa Koha daban wadda abokan cinikinsa kaɗai ke morar gyare-gyarenta. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Sauran jama'ar Koha suka tattara nasu ya nasu suka buɗe sabon adireshi. A 2010 wani kamfanin, PTFS, ya saye LibLime, a 2011 kuma sai aka wayi gari hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Niyu Zilan ta ba shi amincewar farko ya mallaki sunan Koha a ƙasar. Ku duba fa, kalmar Mawori, a ƙasar Mawori, a kan abin da ƙaramin laburarensu ya ƙirƙira ya bayar kyauta! Laburaren Horowhenua ba shi da kuɗin lauya, sai ya kai kukansa ga jama'a, aka yi ta aiko da gudummawa daga ƙasashe. Wani kamfanin ƙasar mai suna Catalyst shi ma ya shigar da ƙorafi, a Disambar 2013 aka yanke hukunci aka yi watsi da buƙatar PTFS.

Abin da na tsinta a nan shi ne lasisin ya kare rubutun manhajar, amma bai kare suna da adireshi ba, mutane ne suka tashi suka kare su. Mu ma nan sau nawa aka yi rijiyar gayya ko injin niƙa na ƙungiya, ba a rubuta komai da sunan ƙungiya ba, bayan shekara biyar wani ya ce na gidansu ne?

Yadda suke tafiyar da aikin a yau ma abin koyi ne. Babu wani kamfani guda da ya mallake ta. Duk wata shida suke fitar da sabuwa, a watan Mayu da Nuwamba, tun 2016 kuma lambarta shekara ce da wata, misali 25.05 ita ce ta Mayun 2025. Kafin kowane zagaye sukan zaɓi wanda zai shugabanci fitarwar da masu duba inganci da masu kula da tsofaffin fitowa. In wani ma'aikacin laburare ya ga matsala sai ya rubuta ta a rajistarsu ta matsaloli, wani ya rubuto gyara. Wanda ya yi gyaran ba shi zai ce ya yi daidai ba, sai wani dabam ya gwada ya sa hannu, sannan masu duba inganci su sake bi, kana shugaba ya shigar. Ni ma'aji ne, na san amfanin a ce mai karɓar kuɗi daban, mai ƙirgawa daban. Da suka ga ƙananan laburarori ba sa iya bin sauyi duk wata shida, sai suka fara ware wata fitowa da za a daɗe ana kula da ita. Ta farko ita ce 22.11, wadda suka sa wa sunan Rosalie don tunawa da matar nan da ta fara abin.

Yanzu bari in zo kan inda na saɓa da ɗan wana, domin shi da zafin ƙuruciya cewa yake tunda kyauta ce a ɗauko kawai. Na ce masa yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar ce kyauta. Kwamfutar da za ta zauna ciki saye za a yi. Wuta fa? Ko sola ko janareta, duk kuɗi ne. Ba a kan irin kwamfutar da aka saba gani a shagunan buga takardu ake ɗora ta kai tsaye ba, tana son tsarin Linux, sai wanda ya iya. An ce tana iya aiki a cikin ɗaki ɗaya ba tare da intanet ba, wannan ya yi mana daɗi. Tana buga katin mai aro da 'yar lambar nan mai zane-zane da ake mannawa a bayan littafi, tana nuna wanda ya wuce ranar mayarwa, har saƙon waya tana iya turawa, amma shi ma saƙon biya ake yi.

Babban aikin kuma shi ne shigar da littattafan ɗaya bayan ɗaya. Na Turanci da sauƙi, domin tana iya janyo bayaninsu daga manyan laburarorin duniya in akwai intanet. Namu na Hausa da aka buga a Kano da Zariya da Gusau, da yawansu ko lambar littafi ta duniya ba su da ita, balle na ajami da ake sayarwa a ƙofar masallaci. Waɗannan da hannu za a rubuta su. Tana karɓar baƙaƙenmu masu lanƙwasa, tana karɓar rubutun Larabci, amma in yau wani ya rubuta ƙasa gobe wani ya rubuta kasa, mai nema zai sha wahala. Ashe ke nan sai an sami mutum ɗaya mai haƙuri an kuma ba shi ɗan abin sayen sabulu duk wata. Haka fassara, 'yan sa kai ne ke juya ta zuwa harsunansu, Bafaranshe ya yi nasa, Baturke ya yi nasa. In muna son mu ga allonta da Hausa tsaf, ba wanda zai taso daga Levin ya yi mana, sai 'ya'yanmu da suka karanta Hausa da aikin laburare a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Ina kira gare su da babbar murya, mun daɗe muna karɓar gudummawa a wannan biki.

Akwai dattawan ƙungiyarmu da suka ce duk wannan ɓata lokaci ne, a sayi sabuwar rajista da akwatin ƙarfe a gyara rufi. Wallahi ban raina maganarsu ba. Ɗakin karatun da littattafansa ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, rajista ta ishe shi, kuma kwamfutar da ba mai kula da ita ta fi rajista saurin mutuwa. Mu namu sun wuce haka nesa, ga ɗaliban sakandare da ke zuwa neman littafi ɗaya su goma, shi ya sa na karkata ga Koha. Kuma ba na cewa kada a ɗauki ɗan kwangila. Su kansu masu Koha akwai kamfanoni da dama da ke cin abinci da ita, suna ɗorawa suna koyarwa ana biyansu, halal ne. Bambancin shi ne in wannan ya gaza sai ka sallame shi ka kira wani, kayanka na hannunka, domin tana fitar da bayanan littattafai a tsarin da ake kira MARC wanda sauran manhajojin laburare ke ganewa.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a taronmu na gaba, duk ƙungiyar da ke cikin irin halinmu tana iya ɗauka ta gyara. Rufi za a fara gyarawa. Duk wanda zai ɗora mana manhaja, ko ɗan gari ne ko baƙo, a rubuta yarjejeniya da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko nawa ba. Kalmar sirri ta buɗe kwamfutar ta kasance wurin mutum uku. Duk ranar Juma'a a kwafe bayanan a ɗan filashi a kai gidan sakatare, kada su kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar. A koya wa mutum biyu aikin, ɗaya mace, domin matan aure sun fi sakewa su aiko a karɓar musu littafi in mace ce a wurin. Rajistar takarda kuma ba za mu yar ba, za ta zauna cikin akwatin ƙarfen da dattawa suka ce, saboda ranar da hadari ya hana sola caji.

Daga ƙarshe ina roƙon duk wanda ya san akwai littafin ɗakin karatunmu a ƙarƙashin katifarsa, ya dubi girman Allah ya dawo da shi, mun yafe tara.

Naku,
Ɗan tireda, ma'ajin ƙungiyar ci gaban gari.