Tokar da ba ta hucewa

Kowane murhu yana barin toka, kuma matan garinmu sun san abin da ake yi da ita: a kai gona, ko a tace ruwanta a kaɗa miya. Murhun nukiliya ma yana da tasa tokar, wato sandunan yuraniyom da suka gama aiki a tashar lantarki, sai dai ita ba ta hucewa a rayuwar mutum ko ta jikokinsa. Idan aka zaro sandunan, sai an nutsar da su a tafkin ruwa shekaru kafin a iya matsar da su. A cikinsu akwai fulutoniyom, wanda sai ya shekara kusan 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

Mai karatu zai ce me ya haɗa mutumin Bugaje da wannan magana, alhali wutar lantarki ta yau da kullum ma ta gagare mu? Abin da ya haɗa mu shi ne maƙwabtaka. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce, kuma a arewacin wannan ƙasa ta Nijar aka shafe sama da shekara 50 ana haƙo yuraniyom ɗin da ya taimaka wajen haskaka Faransa.

Faransawa sun iya tattalin ƙarshen aikin. A masana'antar La Hague suna narkar da tsofaffin sanduna, su ware yuraniyom da fulutoniyom, waɗanda su ne kusan kashi 96 cikin ɗari, domin a sake sarrafa su. Ragowar, wadda ta fi komai guba, su cakuɗa ta da narkakken gilashi su rufe a tulunan ƙarfe. Duk da haka ba su gama gina kabarinta na dindindin a garin Bure ba. Mutanen Finlan ne suka yi gaba, suka haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse a Onkalo, da nufin ya riƙe amanar shekara 100,000. Ku auna wannan adadi da shekarun Gobarau ta Katsina.

To, farkon aikin fa? An soma haƙa a Arlit a 1971. Mahaƙar Cominak ta Akokan ta fara fitar da yuraniyom a 1978, aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, ta bar tsibin dusar ma'adini mai nauyin tan miliyan 20. Dusar nan ba tokar murhu ba ce, amma mafi yawan tiririn da ke cikin dutsen asali yana nan tare da ita, tana kuma fitar da iskar radon mai jawo ciwon dajin huhu. Kamfanin Orano ya ce zai lulluɓe ta da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu. Can mita 400 cikin dutse, nan mita biyu a bakin iskar hamada. Na san gubar biyun ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma ratar ta yi yawa. Yanzu da gwamnatin sojan Nijar ta ƙwace kamfanin Somair a 2025, ana ta jayayya kan wanda ya mallaki yuraniyom, ba na jin ana rige-rigen mallakar dusar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarfe. A 2009 masu binciken Greenpeace, da taimakon cibiyar Criirad ta Faransa, sun tarar da tarkacen ƙarfe mai tiriri a kasuwar Arlit. Almustafa Alhasan, shugaban ƙungiyar Aghirin'man, ya daɗe yana kuka kan yadda kayan mahaƙa ke komawa gidajen jama'a, har aka ba shi lambar Nuclear-Free Future a 2017. Kowa a nan ya san gwangwan ba ya zama wuri ɗaya. Daga hannun ɗan jari-bola zuwa dillali, daga dillali zuwa tirela, ƙarshenta ya zama rodi, ko ƙofa, ko tukunya. A birnin Goyaniya na Birazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata na'urar asibiti da aka yasar. Mutum huɗu suka mutu, sama da 200 suka gurɓata. Jami'in kwastan yana gane shinkafa 'yar waje tun daga ɗinkin buhu, amma tiriri ba shi da launi balle wari.

Ta ɓangarenmu, Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashoshin nukiliya, ana ambaton Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Ba na adawa da lantarki, wa zai yi? Amma tun ran gini ran zane. Muna da misali mai kyau a Zariya: ƙaramin murhun bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, mai kilowat 30, wanda ya fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya masa makamashi, aka mayar da tsohon zuwa Sin inda ya fito. Wannan kusan kilo ɗaya ne, kuma sai da ƙasashe suka haɗa hannu kafin a ɗauke shi. Babbar tasha kuwa tana fitar da tan 20 ko fiye kowace shekara. Ƙasar da aka jibge wa gangunan guba daga Italiya a Koko a 1988 bai kamata ta karɓi murhu ba sai an rubuta ƙarara cewa mai sayarwa zai kwashe tokarsa.

Wancan na Abuja ne. Namu na kan iyaka ya fi sauƙi: hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya ta girka na'urar gane tiriri a mashigar Magama, ta horar da jami'ai, ta kuma zauna da shugabannin 'yan gwangwan na Katsina, domin su ne hannun farko da ke taɓa ƙarfen. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa ta Jibiya, kuma tarago ɗaya zai ɗauki abin da ya fi ƙarfin tirela. A sa na'urar cikin zanen tashar tun ba a zuba kankare ba.