Kinect a ɗakin tiyata: kada kowane motsi ya zama umarni

A 2011 likitocin asibitin Sunnybrook da ke Toronto sun fara amfani da Kinect, na'urar wasan Xbox, wajen juya hotunan CT ba tare da taɓa linzamin kwamfuta ba. Dalilin a fili yake: wanda ya taɓa linzami sai ya sake wanke hannu ya sauya safar hannu, majinyaci kuwa na kwance ciki a buɗe.

Sai dai hannun likita ba ya zama wuri ɗaya. Yana karɓar almakashi, yana nuna wa nas abu. Manhajar da ke ɗaukar kowane motsi a matsayin umarni za ta iya sauya hoto ana tsaka da yanka kusa da jijiya. Masu rubuta manhaja su fara gina alamar kunnawa da ta kashewa tukuna, sauran ado ya jira.