Baƙo Ne Ya Tsaga Bangon Faransa?

Da wuya a yi zaɓe a Faransa ba a ɗaga maganar baƙi ba. A 2009 gwamnatin Nicolas Sarkozy ta buɗe mahawarar ƙasa kan ma'anar zama Bafaranshe. A 2011 marubuci Renaud Camus ya yaɗa ra'ayin cewa baƙi, musamman Musulmi, na maye gurbin ƴan ƙasa. Éric Zemmour ya hau wannan doki, ya samu kimanin kashi 7 cikin 100 a zagayen farko na zaɓen 2022.

Kukan waɗannan mutane biyu ne: al'adarsu na mutuwa, kuma an ɗaure musu baki da tsoron a kira su masu wariyar launin fata. Na biyun bai da ƙarfi, domin littafin da Zemmour ya fitar a 2014 ya yi kasuwa ƙwarai, shi kuwa ya shekara da shekaru yana magana a talabijin.

Na farkon ya cancanci a saurare shi. Wanda ya ga gadon kakanninsa na zubewa dole hankalinsa ya tashi. Amma wa ya zubar? A 2024 matsakaicin haihuwar mace a Faransa ya sauka zuwa 1,62, alhali sai da 2,1 al'umma ke maye kanta. Majami'u sun yi ƙarancin masu ibada, aure ya ragu. Ba baƙo ne ya shiga gidajen nan ya hana su ba. Hasali ma, bayan yaƙin duniya na biyu Faransa da kanta ta kirawo ma'aikata daga Aljeriya, Maroko da Fotugal domin gine-gine da masana'antun motoci, sai a 1974 ta rufe ƙofa.

Duk da haka, ɗan uwanmu da ke zaune can yana da nasa nauyi: ya kiyaye dokar ƙasar, ya iya harshenta, ya kyautata maƙwabtaka, domin laifin mutum ɗaya kan shafi dubu.

Mu kuma na gida, in gemun maƙwabci ya kama da wuta, sai mu shafa wa namu ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ba ya jin tatsuniya daga kakarsa, ba ya zama da mahaifinsa bayan magariba, ba ya buƙatar baƙo kafin ya manta asalinsa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu. Sai fitowa ta gaba.