Lofe: darajarsa tana cikin ramin da ba a gani

A wannan mako mun nufi San-Kulod, wani ƙaramin gari cikin duwatsun Jura na ƙasar Faransa, inda tun wajejen 1850 ake sassaƙa lofe, wato tukunyar taba, da saiwar wani icce da Faransawa ke kira buruyer. Iccen yana tsirowa a kewayen Bahar Rum, har da Aljeriya maƙwabciyarmu. Sai an dafa guntayen saiwar cikin ruwa, an shanya su watanni, kana su iso hannun masassaƙi.

Mai saye ƙyalli yake dubawa. Masassaƙi kuwa hankalinsa yana kan ramuka uku: ramin taba mai faɗin milimeta 20 ko kusa da haka, hanyar hayaƙi mai milimeta 3 zuwa 4, da gurbin da bakin lofe yake shiga. Wuyar aikin duka ita ce hanyar hayaƙi ta ɓullo daidai gindin ramin taba, a tsakiya. In ta ɓullo sama kaɗan, tabar ƙasa ba ta cin wuta, sai ta jiƙe ta yi ɗaci. In barima ta zurfafa ramin taba fiye da kima, gindin ya yi siriri, wata rana wuta ta huda shi. Kuskuren milimeta ɗaya ya isa ya mai da icce mai tsada makamashi, tun da abin da barima ta ci ba ya komawa.

Saboda haka galibi akan zana layuka a jikin guntun iccen, a ɗaure shi tam, a huda tun yana da kusurwoyinsa, sannan a sassaƙa. Gwanayen Danmak, bisa tafarkin Sixten Ivarsson, sun juya al'amarin: su fara fidda siffa suna bin zanen icce, daga baya su riƙe lofen da hannu su tura shi kan barima mai juyawa. A ganina nan ne gwaninta ta kai maƙura, ko da yake ɓarna ma ta fi sauƙi.

Ba tallar taba muke yi ba. Illarta ga huhu da baki sananniya ce, lofe bai kawar da ita ba. Amma ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan haja, kada ya biya kuɗi sai ya zura tsinken goge lofe ta baki. In ya wuce salin-alin har ya leƙo a gindin rami, hudar ta yi. A lofe mai lanƙwasa yakan ɗan tokare, sai an murza shi; in an murza ya ƙi wucewa, a rage farashi.