A Ba Mu Labarin Ƙura Kamar Yadda Ake Ba Mu Na Ruwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tanut da Belbeji, hunturu ba baƙonmu ba ne. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hazo yakan rufe Damargu, rana ta koma kamar farin wata. Yara su yi ta tari, tsofaffi su kwana suna haki. Mun saba cewa haka kakanninmu suka tarar. Gaskiya ne, amma su ba su da hanyar sanin ranar da ƙura za ta zo. Yau hanyar ta samu.

Ƙurar hazo dabam take da yashin da guguwa ke watsa mana a fuska. Yashi yana da nauyi, yakan faɗi kusa. Ita kuwa ƙurar hazo gari ce mai laushi ƙwarai. Sai an jera mafi ƙanƙanta cikinta kamar 30 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Hanci ba ya iya tare su. Sukan wuce har cikin huhu, su tada asma, su wahalar da zuciya. Da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, iskar gabas ta kawo mana ita.

Busasshiyar iska da ƙura suna kuma raunana cikin hanci da maƙogwaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar sanƙarau daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, amma a wannan lokaci ta fi samun ƙofa. Daga Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu.

To, yaya ake sanin zuwan ƙura? Masana suna ba kwamfuta labarin iska, da zafi, da irin ƙasar kowane wuri. Kwamfuta ta yi lissafi, ta faɗi inda ƙura za ta tashi da inda za ta sauka nan da kwana uku. Irin wannan lissafi ba ɗaya ba ne. Ƙasashe dabam-dabam suna da nasu, kuma sau da yawa ba su faɗar abu guda.

Wani zai ce: “Tun da sun saɓa, duk ƙarya ne.” Mu ba mu yarda da haka ba. Mu ɗauki misali da gona. Manoma uku sun tsaya a bakin gonar hatsi. Na farko ya kintaci dami 40, na biyu 50, na uku 70. Mai hankali yakan riƙe na tsakiya. Ranar ɗauri kuma sai a ƙirga damma, a san wanda idonsa ya fi kyau. Haka wata cibiya take yi a birnin Barselona na ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya. Kullum tana tara lissafe-lissafen ƙura, ta gwada su da juna, ta fitar da na tsakiya. Daga baya ta gwada su da abin da aka auna.

Nan ne gizo ke saƙa. Ba a sanin gwanin kintace sai an ƙirga damma, kuma na'urorin awon ƙura kaɗan ne a Sahel. A ƙasarmu an kafa ɗaya a Banizumbu, gabas da Yamai, a 2006. Amma Damargu tana nesa da can, kuma mu ne a bakin hamada. Lissafin da ba a gwada shi da iskarmu ba, ba za mu san gaskiyarsa a wurinmu ba.

Saboda haka muna roƙon mahukunta abu biyu. Na ɗaya, a sa na'urar awo a Tanut da Belbeji, a koya wa ƴaƴanmu kula da ita. Na biyu, rediyon karkara ya riƙa faɗin labarin ƙura da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci. A 2018 Burkina Faso ta fara irin wannan gargaɗi, da launuka masu nuna ƙarfin ƙura jiha-jiha. Abin da maƙwabci ya iya, mu ma za mu iya.

Mu ma da namu aikin. Ranar hazo mai ƙarfi, jarirai da tsofaffi da masu asma su zauna a ɗaki. Mai fita ya rufe hanci da baki. Rawani yana rage ƙura, ko da bai tare ta duka ba. Kada a yi girki cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙin itace da kashin shanu shi ma irin wannan gari ne. Mu bar karan hatsi a gona, mu raya ƙananan itatuwa lokacin sassabe, don iska kada ta kwashe ƙasarmu. Mu kai yara allurar rigakafi. Wanda ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.