WASIƘAR BAKORI: ISKAR BAZARA DA WUTAR DAJI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi wa 'yan'uwana manoma magana a kan makonnin da ke gabanmu, tun ba a kai ga da-na-sani ba.

Hunturu ya wuce, bazara ta kama. Duk wanda ya bi hanya daga Funtuwa zuwa Bakori, ya zarce Malumfashi, ya ga yadda ƙasa ta ke. Ciyawa ta bushe ƙayau, rafuka sun ƙafe, rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba. Abin da aka saba gani daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu shi ne rana mai ƙuna, har zafi ya kan kai digiri 40 da azahar. Ruwan shuka kuwa ba safai ya kan zauna mana ba sai Mayu ya yi nisa, wata shekarar ma sai Yuni. Watau akwai sauran makonni da dajinmu zai zauna kamar audugar da aka ajiye a bakin murhu.

To, a daidai wannan lokaci ne kowa ke sharar gona. A tara kututturen dawa da na masara da itacen auduga, a cinna musu wuta. Ga yara masu farautar gafiya da zomo, ga masu cin zuma da bakin wutarsu, ga mai shan taba da zai yar da guntu a gefen hanya. Duk waɗannan an san su. Abin da na ga ba a kula da shi ba shi ne iskar da ke zuwa gaban hadarin farko.

Ga yadda abin ya ke. Hadarinmu daga gabas ya kan taso. Ruwan da ke zubowa daga cikinsa ya kan sanyaya iskar da ke sama, ita kuwa iska in ta yi sanyi sai ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaba da hadarin. Shi ya sa mu kan ga ƙura da guguwa tukuna, kana ruwa ya biyo baya. A farkon bazara kuwa, saboda tsananin zafi da bushewa, sau da yawa ruwan ya kan ƙone a sama bai iso ƙasa ba, sai iskar kaɗai ta same mu. Manomi ya ga gabas ta yi baƙi, ya ce bari in yi maza in ƙone sharata, ruwa ya kashe mini ragowar. Ashe mafici ya kira wa wutarsa.

Ba da ka na ke faɗin wannan ba. Shekarun baya na je gaida kawuna a ƙauye, da la'asar sakaliya maƙwabcinsa ya sa wa shararsa wuta don ya ga hadari. Ba a yi rabin sa'a ba iska ta juyo, ta ɗauki tartsatsi ta jefa kan danga, daga danga sai jinkar rumbu. Muka yi ta bugu da ɗanyen reshe, mata na jido ruwa daga rijiya, amma ina! Rumbu biyu na dawa da harawar da aka ɗora bisa itace duk suka tafi, ruwa ko ɗigo bai sauka ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, abincin da za mu ci mu yi noma ke nan." Damanar nan da bashi ya yi ta.

Saboda haka ga shawarata. Da farko, kada a sa wuta tsakanin hantsi da la'asar, kada kuma a sa ta ran da aka ga alamar hadari ko kaɗan. A bari sai da sassafe, sa'ad da iska ta ke kwance. Na biyu, a share fili fes kamar taki goma kewaye da abin da za a ƙone, haka kuma kewaye da rumbuna da tarin kara. A ƙone tsibi ɗaya ɗaya, a sanar da maƙwabta, kada kuma mai gona ya tafi gida sai ya ga toka ta huce. Na uku, abin da dabba za ta ci a bar mata, ta mayar wa gona da taki, gama wuta ba ta bar wa ƙasa kome sai 'yar toka, ita ma iska ta kwashe.

Sa'an nan a riƙa sauraron labarin yanayi. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, ta kan fid da hasashen damana tun farkon shekara, ta kan kuma ba da na kwana uku uku. Wanda ya ji a rediyo, ko ya gani a wayarsa, an ce za a yi iska da tsawa a Jihar Katsina, to, ya faɗa a majalisa da kasuwa, ranar kowa ya ajiye ashana. A kuma sani tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka a kan ƙona daji barkatai.

Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwa, daga Tsiga har Kabomo da Guga da Kakumi, su sa a yi shela tun yanzu, a kuma ja kunnen yara masu farauta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kai mu damana lafiya da rumbunanmu a tsaye, amin.

Ni ne naku,
Akawu, Bakori.