Ƙungiyoyin Taimakon Kai Da Kai A Ƙasar Gaya: Ina Zaman Mako?

 

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Wudil ta ratsa Gaya ta nufi Dutse, ko ya ratse ya shiga ƙauyukan Ajingi, zai riƙa ganin alluna a bakin hanya, ɗauke da sunan ƙungiyar ci gaban gari kaza ko ƙungiyar matasan unguwa kaza. Da yawansu fentin ya koɗe, wasu iska ta karkatar da su. Idan ka tsaya ka tambayi mai shayin da ke kusa yaushe ƙungiyar take zama, amsar da za ka ji ba ta wuce: ai tun ranar ƙaddamarwa ba a sake haɗuwa ba. Wannan amsa ita ce dalilin wannan rubutu namu, ya 'yan'uwa.

Mun taɓa halartar bikin buɗe wata rijiyar burtsatse a wani ƙauye na wannan yanki. An kafa rumfuna, an ɗauko hayar kujeru da lasifika, babban baƙo ya yi jawabi, masu hali suka yi alƙawura, aka yi tafi. Da muka sake bi ta garin bayan 'yan watanni, sai muka tarar da famfon a tsaye ba mai taɓa shi, mata da yara sun koma tsohuwar rijiyar da ba ta da murfi. Sarƙa ce kawai ta tsinke. Kuɗin gyaranta bai kai na hayar kujerun ba, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, babu asusu, babu ranar da za a zauna a tayar da maganar. Mutanen garin ba marowata ba ne, tun da su ne suka yi karo-karo tun farko. Abin da suka rasa shi ne nizami.

Mun gaji aikin gayya daga kakanninmu, kuma abin alfahari ne. Da shi ake nome gonar tsoho, a yi wa gwauruwa yaɓen ɗaki, a share maƙabarta, a cike kwazazzabon da ya ci hanya. Sai dai gayya aikin yini ɗaya ce: a kira, a taru, a yi, a sha kunu, a watse. Ta dace da noma da yaɓe. Amma famfo da rufin aji da ɗakin shan magani abubuwa ne da ke lalacewa a hankali, mako bayan mako, ba su jiran ranar gayya. Wanda ya kafa irin waɗannan sai ya kafa musu zama mai maimaituwa, in ba haka ba ya gina abin da zai tsaya yana kallon rushewarsa.

A nan ne ya kamata mu dubi wasu ƙungiyoyin hidima da suka daɗe a duniya. Wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. Ba kira muke yi ga kowa ya shige ta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a hukuncin da ta yanke kan Masoniyya a 1978, ta ambaci Rotary da Lions cikin waɗanda ta yi gargaɗi a kansu, kuma wannan magana ce da malamai suka sani. Amma mai hankali yakan dubi abin da ya raya ƙungiya fiye da shekara 100, ko da bai yarda da ita ba. Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne. Shekaru da dama ƙa'idarsu ita ce zama kowane mako, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya, ana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma wanda ya yawaita fashi ba da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa. Sai a 2016 suka sassauta. Shugaban reshe shekara ɗaya yake yi, ranar 1 ga Yuli wani ya karɓa. Kuɗi kuwa a rubuce suke. Da wannan suka ɗauki yaƙi da cutar shan inna a 1985, suka riƙe shi bai kuɓuce musu ba, har lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 aka dawo da shi a 2004. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a 2014, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ba su kaɗai suka yi ba, domin da ba don sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da ke shiga gida-gida ba, da ba a kai ko'ina ba. Abin lura dai shi ne shekara 35 ana bin aiki ɗaya.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ga 'yan agajinmu nan, na Jama'atu da na Fityanu da na Izala. Me ya sa ake samunsu a masallacin Juma'a, da wurin tafsirin azumi, da filin Idi, da sansanin alhazai, alhali babu mai biyansu albashi? Saboda suna da ranar haɗuwa da horo, suna da mai kiran suna, kowa ya san wanda ke gabansa. Yawancinsu teloli ne da manoma da 'yan kasuwa ƙanana, ba su fi 'yan ƙungiyar ci gaban gari wadata ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi kashe ƙungiyoyinmu, don haka za mu tsaya a kanta. Mun ɗauka cewa neman lissafi daga ma'aji zargi ne, musamman idan dattijo ne ko mai ilimi, sai kowa ya yi shiru a zaure, ya je ya yi gunaguni a majalisar dare. Daga nan zato ya shigo, masu bayarwa su janye hannu, ma'ajin kuma, wanda sau da yawa bai ci ko kwabo ba, ya wayi gari mutuncinsa ya zube ba tare da an ba shi damar kare kansa ba. Abin mamaki ne wannan ya faru a cikin al'ummar da ayar da ta fi kowace tsawo a Littafinta, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Sayyidina Umar ya kafa diwani don a rubuta wanda ya karɓa da abin da ya karɓa, a zamanin da sahabbai ne ke riƙe da dukiyar. Rubutu kariya ce ga amintacce. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, shafin shiga da shafin fita, a karanta shi da babbar murya a kowane zama, mutum 2 su sa hannu, ya isa. Kuma lissafin ba shi da wuya: mutum 40, kowa naira 200 a mako, naira 8,000 ke nan, a shekara 416,000. Ba za ta haƙa sabuwar rijiya ba, amma za ta hana tsohuwar mutuwa, ta sayi kwano da ƙusa, ta sa man motar da za ta kai mai naƙuda asibitin Gaya da tsakar dare.

Wani ciwon kuma shi ne jiran na sama. Gaya da Ajingi da Albasu mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ga ƙungiyoyin da suka shekara 3 suna barci sun farka, an sake fentin allo, an ɗinka anko, ana neman ganin ɗan takara. Ba mu ce haramun ne a nemi haƙƙi wurin hukuma ba. Wajibinta ne, kuma a ci gaba da tambaya. Amma ƙungiyar da kuɗin ɗan siyasa ke tayar da ita, faɗuwarsa ce ke kwantar da ita, ta kuma raba kan 'yan gari gida biyu. Mun ga yadda al'amuran sama ke juyawa: an ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu a Yulin shekarar. Duk tsawon wannan lokaci, magudanar ruwan da ta toshe a Kademi ko Toranke ko Balare mutanen wurin ne kawai za su iya yashe ta.

Abin da muke ba 'yan'uwa shawara a kai ƙarami ne. A zaɓi lokaci ɗaya da ba ya canzawa, kamar bayan La'asar ranar Juma'a, kada zaman ya wuce sa'a ɗaya, a fara ko da mutum 5 ne suka zo. A kira suna, a karanta littafi, a tambayi wanda aka aika makon jiya me ya yi, a ɗauki aiki ɗaya tak na mako mai zuwa a ɗora wa mutum da sunansa. Shugaba ya sauka idan wa'adinsa ya cika, ko da ana ƙaunarsa, domin na bayansa su koya yana raye. Kuma a samar da hanyar jin ta bakin mata, ta wajen mazajensu ko malamar Islamiyya, domin su da yaran da suke aika ɗiban ruwa ne ke fara jin hannun famfo ya yi sako-sako, makonni kafin ya tsaya. Watannin rani su ne lokacin yashe magudanai, da gyara katangar maƙabarta, da duba rufin azuzuwa, tun kafin hadarin farko ya taso daga gabas.